Na'urar hangen ɗumin jiki da na saya don neman wudkok da dare

Na'ura ce ta ido ɗaya, girmanta bai wuce tocila mai kauri ba, tana nuna duk abin da ke da ɗumin jiki a cikin duhu. Tawa ƙarfin hotonta 384 sau 288 ne, gilashinta milimita 35, kuma ta ci mini sama da fam 1,000. Na saye ta ne saboda ina bin wani mai lasisin sanya wa tsuntsaye zobe a ƙafa don bin diddiginsu a nan Ingila, muna zaga filayen kiwo da dare lokacin hunturu muna neman wudkok.

Wanda bai san tsuntsun ba, nauyinsa kusan giram 300 ne, bakinsa dogo kamar santimita 7, launinsa sak na busasshen ganye. Da rana yana laɓe a daji, da dare ya fito fili mai laushin ƙasa yana caka baki yana zaro tana. A da sai dai a yi ta haska fili da babbar fitila har a dace da ƙyallin idonsa, kuma sau da yawa kafin a gan shi ya gan mu, don idanunsa a can gefen kai suke, yana hangen gaba da baya. Yanzu ina tsayawa a bakin shinge ba tare da kunna komai ba, in leƙa filin gaba ɗaya, in san inda tsuntsayen suke, sannan mu nufi ɗaya da fitila da raga. A wannan aikin kam na'urar ta biya kuɗinta.

Sai dai hoton yana buƙatar sabo. Gashin wudkok yana riƙe ɗumi sosai, saboda haka jikinsa ba ya haske kamar na zomo, kansa ne ke fitowa fari, sauran dishi-dishi. Ɗanyen kashin shanu da dutsen da ya sha rana su ma suna haske, kuma daga nesa ba ta raba shi da sauran tsuntsayen fadama masu dogon baki sai an matsa kusa. In hazo ya sauka ko ana yayyafi, komai ya koma toka-toka. Sanyi yana shanye batir da wuri, gara a riƙe na biyu a aljihun ciki. Maɓallanta ƙanana ne, ba a iya danna su da safar hannu, abin da ya fi ba ni haushi ke nan a na'urar da aka ƙera don daren sanyi. Idon da ya leƙa allon kuma yakan ɗauki lokaci kafin ya sake sabawa da duhu, don haka a rage hasken allon tun kafin a shiga fili mai ramuka.

Abin da nake so mai niyyar saye ya gane shi ne, yawan tsuntsayen da za ta nuna masa a watan Janairu zai iya ruɗarsa. Akasarinsu baƙi ne. Fiye da miliyan ɗaya suke shigowa Birtaniya duk hunturu daga Rasha da Finland da Sweden da Norway da ƙasashen Baltik, kuma waɗanda ƙungiyar GWCT, mai bincike kan farauta da kare namun daji, ta ɗaura wa na'urar bin sawu sun nuna wasu har Siberiya suke komawa. Waɗanda ke hayayyafa a nan su ne ke raguwa. Ƙidayar masu hayayyafar da GWCT da BTO, ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, suka yi a 2003 ta ba da maza kusan 78,000, ta 2013 ta ba da kusan 55,000, ta 2023 kuma ta sake yin ƙasa. Tun 2015 tsuntsun yake cikin jan jerin tsuntsayen Birtaniya da ake fargabar makomarsu. Shi ya sa ake roƙon mafarauta su dakata har 1 ga Disamba, lokacin da baƙin suka cika ƙasa, duk da cewa doka ta buɗe farautarsa a Ingila tun 1 ga Oktoba.

Ita kuwa waccan ƙidayar, kunne take buƙata fiye da na'ura. A watan Mayu da Yuni ake yin ta. Mutum ya tsaya a sarari cikin daji minti 15 kafin faɗuwar rana, ya yi minti 75 yana rubuta duk sanda namiji ya gifta saman itatuwa yana shawagin neman mace, da gurnaninsa irin na kwaɗo da siririn fito a ƙarshe. Na gwada ɗaga na'urar sama a irin wannan yammaci. Abin da take ɗauka ƙunci ne, kafin in saita ta tsuntsun ya wuce, ga itatuwan da suka sha rana duk suna haske. Na mayar da ita jaka na ci gaba da fensir.

Wani amfani da ban zata ba shi ne barewa. Da dare ɗaya na ga yawan da ke kwana a wani dajin da ƙasansa ya zama fayau, babu sarƙaƙiya babu tofo, duk sun cinye. Wudkok a ƙasa yake yin sheƙa, yana son duhuwar ƙananan itatuwa da damshi. Tun da aka rage sare itatuwa daga gindi don su sake tofowa, dazuzzuka da yawa sun rufe sama sun bushe ƙasa. Na nuna wa mai dajin hoton da na ɗauka, shi ne ya yarda a sare wani yanki a kewaye shi da waya.

Mai sanya zobe ko mai kula da daji, ya saya, ya nemi wadda ake iya cire batirinta. Wanda ƙidayar bazara kawai zai shiga, agogo da takarda da rigar sanyi sun ishe shi, ya yi rajista da BTO a ba shi yankin da zai tsaya.