Karɓar takardar shaidar asali a sakatariyar ƙaramar hukumarmu: tauraro biyu cikin biyar

Takardar shaidar asali na je nema wa 'yata Hauwa, wadda ta samu gurbin karatun jinya. Na zo da wasiƙar mai unguwa, da sa hannun dagaci, da hotuna biyu. Aikin yini ɗaya ya ci mini kwana tara.

Ranar farko aka ce sai kansilan mazaɓarmu ya sa hannu. Na same shi a gindin darbejiya da yaransa. Bai ko dubi takardun ba, ya ce, "Alhaji, ai ba mu gan ka wajen kamfe ba." Wallahi maganar ta tsaya mini a rai. Yarinyar nan a garin aka yanke cibiyarta, me ya haɗa karatunta da hular da ubanta ke sawa? Maƙwabcina, ɗan jam'iyyarsu, ya karɓi tasa kafin azahar.

Kuɗin da na biya ma ba rasit. Da na tambaya, aka ce littafin ya ƙare. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, na kuwa yi murna. Amma wanda ya kasa rubuta rasit, wa zai tambaye shi lissafin miliyoyi?

Tauraro biyun na wata dattijuwar ma'aikaciya ne a ofishin rajista. Ita ta zaƙulo fayil ɗina daga ƙasan tari, ta kai wa sakatare da kanta. Na miƙa mata na goro, ta ce, "Bar shi, Alhaji, ka saya wa yarinya littafi."