Bencin aiki da bayis: abin da za ka saya kafin ka fara taɓa aikin katako a gida

Wanda sha'awar aikin katako ta kama, yana so ya riƙa ƙera 'yar kujerar tsakar gida ko kantar littattafai a ranakun hutu, yawanci zarto da filen na goge katako da guduma yake fara saya. Sai ya dawo gida ya rasa inda zai ɗora katakon. Ya taka shi da ƙafa a bakin dandamali, ko ya kira yaro ya danne masa, yankan ya karkace, wani lokacin har da jini. Benci mai nauyi da bayis mai riƙo, wato abin da ke matse katako ya riƙe shi a jikin benci, su ya kamata su fara cin kuɗinka, sauran kaya su biyo baya sannu a hankali.

A Kano hanyoyin samun benci ba su da yawa. Akwai ɗan teburin nan mai naɗewa irin Workmate na kamfanin Black & Decker, da ire-irensa na Chana. Yana da amfanin ajiya in ɗaki ɗaya kake haya, amma da ka tura filen sai ya bi ka. Tsohon teburin ofis na MDF, wato allon garin katako da aka matse da gam, kuwa kada ma ka tsaya tayawa, ruwan damina ɗaya ya taɓa shi ya kumbura, sukurun su saki. Bencin ƙarfe da mai walda zai haɗa maka yana da ƙarfi, na yarda, sai dai na makanike ne: cizal, wato ƙarfen sassaƙa, ya zame ya taɓa ƙarfe bakinsa ya tafi, ga ƙarar da za ta haɗa ka da maƙwabta.

Ni dai bencin katako zalla nake so, wanda ka zaɓi katakonsa da idonka a 'Yan Katako na Na'ibawa ko na Rijiyar Lemo, ka haɗa da kanka ko ka tsaya a kan kafinta ya haɗa. Benci kamar turmi yake, in ba shi da nauyi da an buga sai ya yi tafiya. Tsawon ƙafa 6 ya isa, faɗi inci 24 ko ƙasa kaɗan, don hannunka ya kai ƙarshensa. Tsayinsa kuma ka miƙe tsaye ka saki hannu, inda wuyan hannunka ya tsaya nan ne, ga yawancin mutane tsakanin inci 34 da 36. Saman shi ne komai. Maimakon falanki ɗaya mai faɗi da zai lanƙwashe, ka sayi tu-bai-fo, wato inci 2 da 4, guda 7 masu tsawon ƙafa 12, a raba kowanne biyu, masu inji su goge maka. Ka jera guda 14 ɗin a tsaye a kan gefensu, ka shafa farin gam irin Top Bond, ka matse. Za ka sami sama mai kaurin inci 3 da wani abu, wanda guduma ba ta girgiza shi. Ni har dogon rodi mai zare nake ratsawa ta cikinsu a wuri uku, da noti da wasa, wato ɗan faifan ƙarfen da ake sawa a ƙarƙashin noti, a kowane gefe.

Ƙafafu a yi su da katako mai kauri, inci 3 da 4 ko fiye, a ɗaure da bol da noti, ba ƙusa ba. Dalilin yanayin garin nan ne. Katako yana shan danshi a watan Agusta ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya tsuke, kuma a faɗi yake wannan motsi, ba a tsawo ba. Ƙusa in ta saki ta saki ke nan, benci ya fara rawa. Noti kuwa sifana za ka ɗauko a watan Janairu ka ƙara ɗaurewa, magana ta ƙare.

Wajen irin itace, madaci ne nawa, yana da nauyi da ƙarfi, ko da yake jijiyarsa a murɗe take, filen maras kaifi yana yagarsa. Iroko gara ba ta cika kula shi ba, amma yana da tsada, ƙurarsa kuma tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi. Malaina ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi, tana jinkirin bushewa amma in ta bushe ba ta cika motsi ba. Obeche da afara a bar wa masu silin. Ko wanne ka ɗauka, ka shafa wa gindin ƙafafun maganin gara irin Solignum, kada kuma benci ya zauna a kan ƙasa tsurarta.

Ɗanyen katako shi ne babban abin da nake jin tsoro, don ya taɓa cin kuɗina: wani mai rumfa ya rantse mini cewa katakonsa ya shekara a ajiye, iskar hunturu na kaɗawa saman bencin ya tsage har ana hango ƙasa ta ciki. Yawancin katakon da ake sayarwa a nan daga dazuzzukan kudu da tsakiyar ƙasa tirela take kawo shi, da ruwansa, a sauke yau a sayar gobe. Za ka ji ana "Alhaji, wallahi busasshe ne ƙayau." Kai dai ɗaga shi. Ɗanye ya fi nauyi fiye da kima, yana da sanyi a tafin hannu, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji ƙarar a dushe. Ka ce a yanke ɗan guntu daga baki ka duba tsakiyar, in ta fi gefen duhu da laima, ka san inda aka kwana. Abin da ya fi shi ne ka saya da wuri, wajen Nuwamba, ka jera a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ka shafa fenti a bakunan don kada su tsattsage, ka ɗora bulo a sama. Zuwa bazara ka fara aiki. Kada ka shanya a rana don sauri.

Sauran dabarun ma ka sani. Je da tef ɗinka, don abin da ake kira tu-bai-fo sau da yawa bai kai ba. Akwai masu shafa wa farin katako jan kala ya koma kamar madaci. Karce shi da makulli, ko ka duba inda aka yanka sabo. In ka ga ƙananan huji da gari kamar fulawa yana zuba, ƙwaro na ciki, kuma zai bi sauran katakon gidanka. In kuma kafinta ne ya kawo benci a gama, yana ƙyalli da fenti, leƙa ƙarƙashi. A nan ake ɓoye tsaga da aka cike da garin katako da gam.

Sai bayis. Wanda za ka fi gani a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari shi ne na makanikai, mai zama a saman tebur da haƙoran ƙarfe. Yana tauna katako, kuma ya yi tsayi ga aikin filen. Na kafinta a ƙarƙashin benci ake ɗaure shi, bakinsa ya yi daidai da saman, a gefen hagu in kai badame ne. A cikinsu babu kamar tsohon Record, ƙirar Sheffield ta Ingila. Lamba 52 bakinsa inci 7 ne, 52½ inci 9, 53 kuwa inci 10 da rabi. Na tsakiyar nake nema kullum, yana buɗewa har inci 13, kuma da yawansu suna da ɗan maɓalli a ƙasan hannu, ka danna ka ja baki ya zo inda kake so ba sai ka yi ta juyi ba. Ba kullum ake samunsa ba, sai ka bar sallahu wajen masu kayan gwanjo. Sababbi masu arha masu kama da shi suna aiki, amma ƙarfensu sirara ne, araha kuma ba ta ado. In duk ya gagara, dogon sukurun tsohon jak na mota da katako mai kauri a jikin ƙafar benci suna ba da bayis mai riƙo ƙwarai.

Wajen tsohon bayis ne ake yin ha'inci mafi muni. Zubin ƙarfe ne, in ya tsage walda ba ta cika riƙe shi ba, don haka sai a ɗan ɗiga masa walda, a shafe da bodi-fila, a fesa shuɗin fenti. Sabon fenti a jikin tsohon kaya ya sa ka ƙara buɗe ido. Tafi da ɗan maganaɗisu, ka bi kusurwoyin da ke kusa da sukurun. Inda aka cika fila riƙonsa yana raguwa. Sunan kamfani a jikin ƙarfen ake zuba shi, ba a sitika ba. Buɗe bayis ɗin har ƙarshe ka rufe: in ya cije a tsakiya, rodina biyun da bakin ke tafiya a kansu sun lanƙwashe. Sa guntun katako ka matse da ƙarfinka, in ka ji ya yi tsalle ya saki, notin ciki ya cinye, kuma samun madadinsa a nan wahala ne. In an rufe, saman bakin ne ya kamata ya fara haɗuwa kafin ƙasa, haka aka ƙera shi, ba lahani ba ne. Mai kaya in ya ce "Yallaɓai, ai ba a gwadawa," ajiye masa kayansa.

In ka kawo shi gida, wanke tsatsar da kananzir, ka ɗan sa mai a zaren, ka ɗaure shi da bol masu ratsa saman bencin, kan bol ɗin a nutse cikin katako don kada filen ya same shi. Sannan ka yanka katako biyu masu kaurin inci 1 ka lulluɓe bakin ƙarfen da su, su ɗan fi shi faɗi.