Sharhi kan b4, manhajar shirya direban faifai domin miƙa shi ga zuciyar Linux

Duk wanda ya rubuta direban na'urar adana bayanai, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da na'urar, ko na faifai nau'in NVMe ne ko nau'in SCSI, kuma yake son a karɓe shi cikin zuciyar Linux, wato ainihin ɓangaren tsarin da ke sarrafa na'urorin kwamfuta (kernel), dole ne ya yanyanka aikinsa zuwa jerin faci, wato ƙananan gyare-gyare masu bin juna, ya aika su ta imel ga masu kula da sashen. Manhajar b4, wadda Konstantin Ryabitsev na Gidauniyar Linux ya rubuta da harshen Python, an yi ta ne domin sauƙaƙa wannan aiki. Kyauta ce, kuma tun 2022 aka ƙara mata ɓangaren masu aiko da gudummawa, bayan da a farko masu karɓar faci kaɗai take yi wa hidima.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take riƙe tarihin jerin. Umarnin b4 prep yana buɗe sabon reshe, wato keɓaɓɓen wurin aiki, a Git, manhajar da ke riƙe tarihin gyare-gyare, ya ajiye wasiƙar gabatarwa, wadda ke bayanin jerin facin, a cikin reshen kansa, ta yadda ba za ta ɓace a wani fayil na daban ba. Idan an aika zagaye na farko, manhajar da kanta take mayar da lambar jerin v2, ta saka mahaɗin da ke kai mutum ga zagayen baya, ta kuma bar gurbin da marubuci zai bayyana abin da ya sauya. Wannan ba ƙaramin taimako ba ne ga direban faifai, domin da wuya a karɓi irinsa a karon farko, kuma mai bita da ke da tarin saƙonni a gabansa ba shi da lokacin neman abin da aka faɗa makonni uku da suka wuce. Haka nan b4 trailers yana tattaro amincewar da masu bita suka bayar, ya liƙa kowace a kan facin da ta shafa.

Zaɓen waɗanda za a aika wa ma ya yi sauƙi, saboda tana kiran get_maintainer.pl, ƙaramar manhajar da ke gano masu kula da kowane sashe, ta cike sunayen. Idan aikin ya taɓa sashen da ke tsara shiga da fitar bayanai a faifai, sunan Jens Axboe zai fito; idan na SCSI ne, Martin Petersen da James Bottomley. Kafin aikawa ta gaske, b4 send --reflect yana turo wa mutum saƙonnin shi kaɗai ya duba, kuma ina ba kowa shawarar kada ya tsallake wannan mataki. Ga wanda imel ɗin kamfaninsa ke karya dogayen layuka ko mayar da tazarar tab zuwa sarari, abin da ke lalata faci gaba ɗaya, akwai hanyar aikawa ta kernel.org, shafin zuciyar Linux, bayan an yi rajistar mabuɗin sa hannu.

Tana da nata naƙasu. Gyara wasiƙar gabatarwa ya dogara da wata manhaja daban, git-filter-repo, kuma wanda bai ƙware da sake jera tarihin Git ba zai iya rikicewa da wasiƙar da ke zaune a gindin reshe. Bayanin amfani da ita kuma yana ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san al'adun masu aikin Linux.

Iyakarta mafi girma ita ce magatakarda ce kawai, ba ta duba ingancin direban. Tana iya kiran checkpatch.pl, mai duba tsarin rubutun faci, ya kama layin da ya wuce haruffa 100, amma ba za ta san ko direban yana tabbatar da cewa bayanai sun sauka kan faifai kafin ya ce an gama rubutawa ba, alhali a nan ne asarar bayanan mutane take faruwa idan wuta ta ɗauke. Tun fitowar Linux 5.0 a 2019 aka cire tsohon tsarin da ke jera umarnin faifai a layi guda, saboda haka dole sabon direba ya hau kan sabon tsarin blk-mq mai layuka da yawa, kuma masu bita za su tambayi yadda yake yi idan umarni ya maƙale ko an zare na'ura ana tsakiyar aiki. Amsar waɗannan sai an gwada da manhajojin gwaji blktests da fio a kan na'ura ta gaske, a rubuta sakamakon a wasiƙar gabatarwa. Lokacin aikawa ma yana hannun marubuci: a makonni biyun da Linus Torvalds, jagoran aikin Linux, ke karɓar sababbin ayyuka, masu kula da sassa ba sa cika duba sabon direba, don haka gara a jira fitowar rc1, sigar gwaji ta farko da ke rufe wannan lokaci, sannan a danna b4 send.