Fentin UV ko mai haske a duhu, wanne ya fi dacewa da fati?

'Yar uwa da kika tambaya a guruf, kin ce za ku yi fatin da za a rage fitilu a yi ma juna zane a fuska da hannu, kin ga fenti iri biyu, ɗaya an rubuta UV ko niyon, ɗayan kuma wai yana haske da kansa a duhu, kin rasa wanda za ki ɗauka. Ni dai na UV zan ce ki saya, amma fa kafin ki fitar da ko sisi ki kira masu wurin ki tambaye su ko suna da fitilar UV, wato fitilar nan mai ba da haske shunayya-shunayya da ake gani a kulob.

Dalili kuwa, fentin UV ba shi da hasken kansa. Hasken fitilar yake sha ya maido da shi nan take da kalar da ido ke gani, muddin fitilar na kunne to zai yi ta walƙiya har a tashi, ana kashe ta kuma shi ke nan ya koma fenti kawai. Fitilun da ake sayarwa yawanci iri biyu ne bisa ma'aunin tsawon zangon haskensu, nanomita 365 ko 395, na 365 ya fi fito da kalar tsaf saboda shunayyarsa ba ta cika wuri ba, na 395 ya fi araha kuma ya ishi ɗaki. Af, ki lura farin kaya ma sai ya ɗauki haske a ƙarƙashinta saboda sinadarin ƙara fari da ke cikin garin sabulun wanki, to in kina so zanen ne ya fito ba riga ba ki sa baƙi.

Shi kuwa mai haske a duhu caji yake yi, sai kin tsaya gaban fitila mai ƙarfi ya sha haske tukuna, sannan ya riƙa sakinsa a hankali. A talla yana da kyau sosai wallahi, amma a jiki cikin 'yan mintuna ya dushe, kalar ma kusan ɗaya ce, kore-kore mai fatsi, kuma sai wuri ya yi duhu ƙirin ake ganinsa, alhali babu gidan rawar da ke yin duhu haka, ga fitilun DJ ga hasken wayoyin mutane. Wanda ya fi ƙarfi da daɗewa, mai sinadarin sitirontiyom aluminet da kamfanin Nemoto na Japan ya fito da shi a 1993, na agogon hannu ne da alamun ƙofar fita, ba don fatar mutum aka yi shi ba. A Amurka ma zinki salfaid kaɗai hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta yarda a sa a kayan kwalliya masu irin wannan hasken, shi ma ta ce kar ya kusanci ido. Kalolin niyon da yawa su ma haka dokarsu take, don haka duk wanda kika saya ki bar fatar ido da kewayenta.

Sai maganar gumi, ita ce ke ɓata wa mutane zane. Fenti mai haɗin ruwa irin na kamfanin Snazaroo ko Mehron yana da sauƙin shafawa da soso ko buroshi, sabulu da ruwa sun fitar da shi, amma in rawa ta yi zafi zai fara zuba, sai ki fesa masa feshin riƙe kwalliya bayan ya bushe. Mai haɗin alkohol baya jin gumi ko kaɗan, sai dai cire shi aiki ne, sai da alkohol ko mai na musamman, ni ban ga amfaninsa ba don fatin dare ɗaya. In fatarki mai duhu ce ki fara shimfiɗa farin fenti a ƙasa, kalar za ta fi fitowa ko da an kunna fitilar gida.

Ki gwada ɗan kaɗan a cikin hannunki kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, in ya yi ƙaiƙayi ko ja ki rabu da shi. Kuma don Allah kar wata ta kawo fentin akirilik na zanen takarda ko ta fasa sandar nan mai haske ta shafa ruwanta a jiki, akwai sinadarin haidurojin feroksaid a cikin ruwan sandar, yana sa fata zafi, in ya shiga ido kuwa sai an wanke da ruwa mai yawa nan da nan.