Darasin maganar IELTS ta waya: malamar ta iya, takardun ne matsala

Masu tambayata kan cibiyar da na yi rajista da ita don shirin ɓangaren magana na jarabawar Turanci ta IELTS, wadda ke koyarwa ta WhatsApp da Zoom, ga amsarku: kuɗina bai tafi a banza ba, amma ba don takardun da suke rabawa ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma hukumar NMC, mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, maki 7 take nema a magana. Jarabawar minti 11 zuwa 14 ce kacal, ana naɗar murya. Kashi na farko tambayoyi ne kan rayuwar yau da kullum, na biyu a ba ki kati mai ɗauke da batu, da minti ɗaya ki shirya, ki yi magana har minti biyu, na uku kuma a zurfafa tattaunawa. Cibiyar tana bin wannan tsari da agogo a hannu, kuma wannan kaɗai ya rage mini fargaba.

Kowane mako da batunsa. Makon keke ne ya nuna mini inda suke da ƙarfi da inda suka gaza. Takardar da suka turo cike take da hanyoyin keke na Amsterdam, da rage hayaƙi, da fita shan iska ranar hutu. Turancin ba laifi, sai dai babu ko mutum ɗaya a ajinmu da wannan ce rayuwarsa. Wani ɗan uwa ya haddace ta tsaf, ya rero mana kamar karatun allo. Malama ta bari ya kai aya, sannan ta tambaye shi da Turanci wa ke gyara masa kekensa idan sarƙa ta zame. Shiru. Ta ce mai jarabawa ma haka zai yi masa, don an horar da su gane hadda.

Da aka zo kaina na ce ni ban taɓa tuƙa keke ba, a gidanmu mata ba sa hawa. Ta ce, "To Hajiya, ai amsa ke nan. Faɗe ta da Turanci, ki kawo dalili." Daga nan bakina ya buɗe. Na ba su labarin tsohon Raleigh ɗin Baba, yadda yake goya ni a kariya zuwa Islamiyya, da mai facin bakin layinmu da ke tsoma roba a kwanon ruwa yana jiran inda kumfa za ta taso. A kashi na uku ta tambayi abin da ke mayar da mutane kan keke. Na kawo cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, na kawo Maiduguri, inda aka hana babura a 2011 keke ya cika gari. Duk wannan babu shi a takardarsu, kuma shi ta yaba.

Gyaranta a kan ma'auni huɗun jarabawar yake: gudanar magana, yawan kalmomi, nahawu, da lafazi. Ni a lafazi ta fi kama ni, rikicin p da f ɗin nan namu na Hausawa. Takan sa in naɗi muryata in saurara da kaina, abin da ba daɗi amma yana aiki.

Ajin ya yi yawa, wani lokaci a tashi ba a zo kanki ba. Saƙon murya kuma yakan kwana kafin a duba. Idan intanet ya tsinke ana tsakiyar darasi, ba sa ramawa. Mai hali ya ƙara kuɗi ya karɓi zaman mutum ɗaya da malama, kuma duk mai son rajista, tun kafin ya biya ya tambayi mutum nawa ne a aji.