Kwana 10 ina koyon tashi da lema a Oludeniz: littafin aljihun malamina ya fi komai yi mini amfani

Ni mutum ne da idan tankin ruwan gidanmu ya toshe, yaro nake nema ya hau, ni kuwa in tsaya a ƙasa ina ba da umarni. Tun ina ƙarami nake tsoron bisa. Shi ya sa da na gaya wa abokan sana'ata a Laleli, unguwar da muke ɗaurin kaya a Santambul, cewa zan je in koyi shawagi da lema, suka bushe da dariya har da tafa hannu. Ɗaya ya ce in bar masa wasiyya a kan kayan da ke hanya. Na je, na yi kwana 10, na dawo da ƙafafuna biyu. Ga abin da na gani, ko zai amfani mai shirin zuwa.

Oludeniz ɗan ƙaramin gari ne a bakin teku kusa da Fetiye, kudu maso yammacin Turkiyya. Jirgi na hau zuwa Dalaman, daga nan mota. Abin da ya ɗaga sunan garin shi ne dutsen Babadag (Turkawa ba sa furta harafin ƙarshen), mai tsayin mita 1,969, wanda ya yi tsaye kusan a kan ruwa. Akwai wuraren tashi a mita 1,200 da 1,700 da 1,800 da 1,900, sauka kuma a bakin teku ake yi, gaban shaguna da gidajen abinci. Yawancin baƙi goyo ake yi musu: a ɗaure mutum a gaban ƙwararre, ƙwararren ya tuƙa, shi kuma ya yi ta ihu ana ɗaukarsa hoto. Ni kwas ɗin masu farawa na biya, wanda a ƙarshensa kai kaɗai za ka tashi, malami yana ƙasa yana yi maka magana ta rediyo.

Ranar farko malamin, wanda duk muke kira Hoja, ya miƙa wa kowa ɗan littafin aljihu da biro, ya ce a rubuta abin da ake so a samu. Na rubuta: tashi daga saman Babadag ni kaɗai. Ya karanta, ya girgiza kai.

"Kardeshim (wato ɗan'uwana), wannan burin na iska ne. Idan ta ga dama ta ba ka, idan ba ta ga dama ba ta hana ka. Rubuta wanda yake hannunka."

Tsarinsa ke nan gaba ɗaya, kuma a kansa ya ɗora kwanaki goman. Kafin kowane gwaji za ka rubuta aiki guda ɗaya tak da jikinka zai yi, wanda bayan an gama za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. A ƙasansa ka ba tsoronka maki daga 1 zuwa 10. In ka gama, ka rubuta ko ka yi aikin, da makin tsoron a lokacin. An hana rubuta irin su "zan natsu" ko "ba zan ji tsoro ba", domin a cewarsa babu wanda ya taɓa natsuwa don an umarce shi.

Da farko na ɗauka wasan yara ne. Kwana uku muka yi a wani fili bayan gari ba wanda ƙafarsa ta bar ƙasa. Lemar yadi ce mai santsi, faɗinta ya kai murabba'in mita 26, an ɗinke ta aljihu-aljihu da buɗaɗɗen baki ta gaba, iska ta shiga ta cika su sai ta zama fiffike. Igiyoyinta sirara ne kamar zaren ɗinkin buhu, sun taru a madaurai da ake kira A da B da C, ga birki biyu, ɗaya a kowane hannu. Tamu ta ajin EN-A ce, wadda aka yi wa ɗalibai saboda tana yafe kuskure. Aikina na rana ta biyu shi ne in ɗaga ta bisa kaina in riƙe har in ƙirga goma. Sai da na kusa cinye yinin kafin na samu. Madauran suka yi mini shati a damatsa, rana ta gasa ni, na koma masauki ina lissafin yuro nawa na biya don in yi ta gudu da tsumma a fili. Daga baya na gane amfanin wahalar, lokacin da hannuna ya san nauyin igiya ba sai na ɗaga kai na duba ba.

A ƙaramin tudun da muka fara tashi ne Hoja ya yi mana bayanin da ya sa na daina raina littafin. Ya ce mai tsoro abu biyu yake yi a wajen tashi. Ko dai ya zauna a kujerar ɗaurin da wuri, lema ba ta gama ɗaukarsa ba, ya ja gindi a ƙasa. Ko kuma ya danne birki da ƙarfi don ya samu abin riƙewa, alhali danne birki sosai yana rage wa lemar gudu har ta daina tashi ta faɗo. Wato hannun mai tsoro da kansa yake jawo abin da ake tsoro. Don haka aikin da ya ba ni a tashin farko shi ne: ci gaba da gudu har ƙafafu su yi gudu a iska. Na yi. Sakan ashirin ne ko ƙasa da haka, na sauka a cikin ciyawa ina dariya kamar wawa.

Ranar da aka ce mun isa hawa dutse, da asuba aka ɗebe mu, domin ɗalibai safe da yamma suke tashi. Da tsakar rana duwatsu sun yi zafi, iska mai ɗumi tana tasowa da ƙarfi tana jijjiga lema, wannan lokacin na gwanaye ne. Motar ta yi ta kwana-kwana a gefen kwazazzabo, direban yana tuƙi da hannu ɗaya, har na fara tunanin ko a hanya ajalin yake. A wurin tashi na mita 1,200 na leƙa sau ɗaya, na ga teku can ƙasa da jiragen ruwa kamar ƙwayar shinkafa, gwiwoyina suka fara kaɗawa, bakina ya bushe ƙamas. Na buɗe littafi. Da ƙyar biron ya zauna a hannuna. Na rubuta 9. Aikin kuwa: ido a kan layin da teku ya haɗu da sama, kada in kalli ƙafata.

Hoja ya sa na yi binciken da muke yi kullum da baki, ina taɓa kowane abu: madauran cinya da na ƙirji, hular kwano, igiyoyi, shimfiɗar lema, sai iska da sararin gabana. Madauran cinya ne ya fi tsanantawa a kai, don mantawa da su ya hallaka mutane a wannan wasa. A nan na tuna maganar ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Na yi bisimilla, na ja, lemar ta taso da wata ƙara kamar an kaɗa babban zane, na ji ya ce gudu, na kafa ido a inda na rubuta. Ban san lokacin da ƙasa ta ƙare ba.

Minti biyu na farko lafiya lau. Daga nan sai abin da ban zata ba ya faru. Aikin da na rubuta ya ƙare, kaina ya zama ba shi da abin yi, tsoron ya dawo da ninkinsa. Lema irin wannan tana tafiya da gudun kilomita 35 ko sama da haka kaɗan a awa, tana sauka kimanin mita ɗaya da 'yan kai a kowane sakan, ka ga daga wannan tsayin kusan kwata ɗin awa mutum zai yi a rataye. Kwata ɗin awa da yawa ne ga wanda yake kallon siraran igiyoyi yana tambayar kansa wa ya ɗinka su. Na ƙanƙame birki har yatsuna suka mutu, sai da muryar rediyo ta ce hannu sama har sau uku kafin na saki.

Da na sauka na gaya masa gaskiya. Bai musa ba, ya ce laifinsa ne, ya kamata ya raba mini tafiyar. Daga ranar kowane tashi gida uku muke yi masa, tashi da tsakiya da sauka, kowanne da aikinsa ɗaya. Na tsakiya a rana ta gaba shi ne juyi huɗu, kowanne a jere: duba wajen, karkata jiki, sannan a ja birki a hankali. Tsakanin juyi da juyi kuma in fitar da numfashi a hankali ya fi wanda na shaƙa tsawo. A wannan tashin ne na fara ganin launin ruwan tafkin da ake sawa a hotunan garin. Ran farko ta samansa na wuce ban gan shi ba.

Tsarin yana da nasa tarko, ni kuma na faɗa ciki sau biyu. Da na fara jin kaina, sai na rubuta da kaina cewa zan sauka daidai kan alamar da aka shimfiɗa a yashi. Hoja yana can yana fama da wani ɗalibi, bai duba ba. Na zo sauka idona yana kan alamar, na manta da tsayina, na makara wajen danne birki biyun da ake yi daf da ƙasa don a tsaya cak. Da gwiwa na sauka, wandona ya yage, wasu 'yan yawon buɗe ido suna shan shayi suna kallo. Alamar ma ban same ta ba. Na biyu kuwa, rana ta tara na rubuta "tashi biyu yau", don kwanakina sun kusa ƙarewa kuma ina jin zafin kuɗina. Muka hau, ƙyallen nuna iska yana kaɗawa daga baya. Muka zauna awa biyu, bai juya ba. Zuciyata tana ta cewa ai wancan ya tashi, ga wani ma ya tashi. Hoja ya karɓi littafin ya soke layin, ya rubuta a madadinsa: duba iska, yanke hukunci, faɗi dalili. Na ce ba zan tashi ba, iska daga baya take. Ya sa alamar an yi, muka sauko a mota.

A hanyar saukowar ne ya ba ni ma'aunin da har yanzu nake amfani da shi. Ya ce idan tsoro ya zo, in gwada nuna shi da yatsa. In na iya nuna abin, ga gajimare yana tasowa, ga iska ta juya, ga igiya ta harɗe, to a saurare shi a gyara ko a fasa. In kuwa na ɗaga yatsa na rasa inda zan nuna, in koma ga aikin da na rubuta.

Makarantar kanta ba zan wanke ta tas ba. Kuɗin da aka faɗa mini a waya bai haɗa da kuɗin shiga dutse da na motar hawa ba, sai da na zo na ji, kuma kullum ake biya. Rediyon da aka ba ni rana ɗaya yana ta shaƙewa, abin da bai kamata a bai wa ɗalibi ba ko kusa. Kwana biyu kuma aka haɗa mu da wani malami wanda bai san da zaman littafin ba, shi dai "kosh, kosh" kawai, wato gudu, gudu. Ya iya tashi, amma a hannunsa makin tsorona ya koma 8. Wurin tashin ma cunkushe yake da masu goyon baƙi, su kuwa kowane tashi kuɗi ne, ba sa son ɗalibi ya tsaya yana ƙirga madauri a gabansu. Duk mai zuwa ya tambayi sunan malamin da zai riƙe shi tun daga farko har ƙarshe, da yawan ɗaliban da ke hannunsa, ya kuma sa a rubuta masa jimillar kuɗi. Ya duba inshorarsa, domin ta tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar irin wannan wasa. Bazarar can da kaka sun fi tsakiyar zafi daɗi, sai dai a watan Oktoba ana bikin wasannin sama na shekara-shekara, garin yana cika.

Zan koma, kuma wajen Hoja zan koma, ko da ya canja makaranta. Kwana goma ba su mai da ni matuƙi ba, ba kuma zan tashi ba tare da murya a rediyo ba tukuna. Makin da ke littafina na manyan tashi shida ga su: 9, 8, 6, 8, 6, 5. Bai taɓa sauka ƙasa da 5 ba. A shafi na gaba na riga na rubuta aikin zuwa na biyu, ɗaga lema ina fuskantarta sannan in juya, wanda ake yi idan iska ta ɗan yi ƙarfi. Da na kira gida na ba da labari, Hajiya ta yi salati ta ce tunda abin ya zama haka, in na zo hutu tankin yana jirana. Na ce mata a dai nemi yaron tukuna.