Mistborn ko Wheel of Time? Ga wanda zan saya in da ni ne kai

Ƙanina, tunda kuɗin jeri ɗaya ne a hannunka, kuma ka ce daɗin karatu a wurinka shi ne ka riƙa kirdadon yadda sihirin labari yake aiki tun kafin marubuci ya fasa ƙwai, to ka sayi Mistborn na Brandon Sanderson, guda ukun farko. Wheel of Time ya jira tukuna. Duka biyun suna kan kantata. Ɗaya har bangonsa ya saɓule saboda yawon aro, ɗayan kuwa ƙura ce ke karanta shi.

Na farkon Mistborn, wato The Final Empire, ya fito a 2006, The Well of Ascension a 2007, The Hero of Ages a 2008. Ni kuwa a shekarar bautar ƙasa na ci karo da su, a wani gida da muke haya mu da yawa. Maƙwabcin ɗakina mai walda ne, ba ruwansa da karatun littafin Turanci, amma in mun zauna wurin mai shayi bayan isha'i sai ya ce, "To Malam, ina aka kwana?" Ni kuma in zayyana masa abin da na karanta ranar.

Sihirin da ke cikin labarin sunansa Allomancy. Mutum ya haɗiye garin ƙarfe daga 'yar kwalba, ya "ƙona" shi a cikinsa, kowane ƙarfe da aikin da yake yi. Baƙin ƙarfe yana jawo ƙarafan da ke kusa zuwa gare ka, steel yana tunkuɗe su. Kuza tana kaifafa gani da ji, pewter yana ba da ƙarfin jiki. Zinc yana rura abin da mutum ke ji a ransa, brass yana kwantar da shi. Tagulla, wato bronze, tana sa ka gane wani na ƙona ƙarfe a kusa, jan ƙarfe, wato copper, yana ɓoye ka daga mai tagullar. Mai iya ɗaya tak ana ce masa Misting, mai iya duka shi ne Mistborn. Kuma ba a yi wa dokar kwana. In ka tunkuɗe kwabo, kwabon ne zai tashi don ka fi shi nauyi. In kwabon yana kwance a ƙasa ba shi da wurin zuwa, kai ne za ka yi sama. In ƙarfen cikinka ya ƙare a tsakiyar faɗa, ka koma kamar kowa. Hatta haɗin sai ya yi daidai: littafin ya ce pewter ɗinsu kashi 91 kuza ne, kashi 9 darma, in aka kuskure ma'auni sai ya sa ka ciwo.

Ranar da na kai wurin da aka ce akwai manyan ƙarafa biyu, zinariya da wani wai shi atium, sai mai walda ya ajiye kofinsa. Ya karɓi birona, ya juya bayan takardar kuɗin wuta, ya ja layi ya jera su bibbiyu. Ya ce, "Duba nan. Kowane ƙarfe zalla yana tafe da gaurayensa. Steel daga baƙin ƙarfe yake, pewter daga kuza, tagulla daga jan ƙarfe. To zinariya fa? Wannan atium ɗin ai ba ɗanta ba ne. An haɗa su aure ne kawai don ba a san danginsu ba. Akwai abin da ake gauraya zinariya da shi da ba a gaya muku ba, kuma in ka tambaye ni, azurfa ce." Na yi masa dariya, na ce marubuci ai ba maƙeri ba ne. Wata biyu bayan haka, ina cikin littafi na uku da fitilar waya don an ɗauke wuta, sai ga electrum, gaurayen zinariya da azurfa, da aikinsa daidai inda gurbin yake a takardar nan. Ƙarfe ɗaya na dare na je na buga masa ƙofa. Bai ji haushi ba, cewa ya yi, "Ai na faɗa maka," ya koma barcinsa.

Mutumin da bai taɓa buɗe littafin ba ya hango abin da ke gaba da sanin sana'arsa kawai. Abin da ya sa nake ce maka Mistborn ke nan. An ba ka doka, an ba ka teburi mai guraben da ba a cike ba, sai ka zauna ka yi lissafi. Sanderson da kansa ya rubuta ƙa'idar a 2007, cewa iya gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihiri, iya gwargwadon yadda marubuci ke da damar warware matsala da shi. Ba irin na tatsuniya ba ne, inda in Gizo ya shiga uku sai wani abu ya faɗo daga sama ya cece shi, mu kuma mu yi dariya mu wuce.

Ni ma na yi nawa hasashen, na sha ƙasa. Da na ga lamba 16 tana ta dawowa a littafi na uku, kuma ƙarafan da aka sani ba su kai haka ba, sai na rantse azurfa zalla tana cikin waɗanda suka rage. Ashe ba ta da wani aiki a Allomancy ko kaɗan. Waɗanda suka cike teburin su ne chromium da nicrosil da cadmium da bendalloy, shi kuwa atium ashe ba ɗan gidan ba ne. Amma ko faɗuwar da daɗinta, don in ka koma baya za ka ga inda ka yi tuntuɓe. Banda Allomancy akwai wasu tsare-tsare biyu. Feruchemy shi ne mutum ya tara wani abu nasa a cikin ƙarfe, kamar ƙarfi ko nauyi ko abin da ya haddace, ya zauna da rauni yau don ya ciro gobe, kamar mai zubin adashe. Na ukun, Hemalurgy, ba zan taɓa maka shi ba. Abu biyu kawai zan ce: kada ka tsallake 'yan gajerun rubuce-rubucen da ke saman kowane babi, kuma duk ƙarfen da ka ga yana jikin mutum, komai ƙanƙantarsa, ka sa masa ido.

In ka gama ukun kana son ƙari, akwai zango na biyu mai littafi huɗu, daga The Alloy of Law na 2011 zuwa The Lost Metal na 2022, bayan kimanin shekara 300 a duniyar labarin, an shiga zamanin bindiga da jirgin ƙasa. Daga nan ne ƙofa ke buɗewa zuwa Cosmere, babbar duniyar da ta haɗa yawancin littattafansa, inda wani mutum mai suna Hoid ke ɓullowa a labarai daban-daban, wani lokaci a matsayin maroƙi, wani lokaci mai kawo rahoto. Masu hasashe sun shekara da shekaru suna bin sawunsa.

Wheel of Time kuwa, ban ce ba shi da kyau ba. Robert Jordan ya fara shi da The Eye of the World a 1990, littafi 14 ne da ƙarin ɗaya na share fage, kalmomi sama da miliyan huɗu. Sihirinsa ma yana da tsari: tushe ɗaya ya rabu biyu, saidin na maza da aka gurɓata har yake haukata mai amfani da shi, da saidar na mata, ana saƙa shi da zare biyar, iska da ruwa da ƙasa da wuta da ruhi. Mata na iya haɗa ƙarfi har su 13 ba tare da namiji ba. Akwai kuma matan nan Aes Sedai da suka yi rantsuwar ba za su faɗi ƙarya ba, don haka duk maganarsu sai ka juya ta ka ga ta ina suka bi da kai. Wannan ɓangaren na yarda ya yi.

Sai dai hasashen can iri dabam ne. Yawancinsa na wane ne munafuki, wa ya ɓad da kama, wa ya kashe wa. Kuma ladan yana daɗewa kafin ya zo. A ƙarshen littafi na biyar, The Fires of Heaven na 1993, an kashe wani mai suna Asmodean ba a nuna wanda ya yi ba. Jordan ya ce amsar a fili take. Mutane suka shekara 17 suna musu, shi kuma in an tambaye shi irin waɗannan abubuwa sai ya ce a karanta a gani, har amsar tasa ta zama abin tsokana da ake taƙaitawa RAFO, wato "Read And Find Out". Da aka tashi tabbatar da sunan a Towers of Midnight na 2010, a jerin bayanin sunaye na ƙarshen littafi aka saka shi, wurin da rabin masu karatu ba sa leƙawa. Akwai kuma hasashen cewa wani mai sihiri da ake kira Mazrim Taim shi ne Demandred, ɗaya daga manyan miyagun labarin, ya sake kama. Masu karatu suka tara hujjoji tun daga littafi na shida, Jordan ya ce ba haka ba ne, daga baya da aka duba rubuce-rubucen da ya bari aka ga da farko hakan ya shirya, sannan ya sauya. Ka ga ke nan kana iya yin daidai kuma a ce ka faɗi. Ni wannan ba ya yi mini.

Ga kuma tsakiyar jerin, daga wajen na bakwai zuwa na goma, inda labari ke tafiyar hawainiya. A Crossroads of Twilight na 2003 na yi wata huɗu ina ɗauka ina ajiyewa. Sunaye sun haura dubu biyu, ka manta wace ce wace kafin ta sake fitowa. Jordan ya rasu a 2007 bai kammala ba, kuma ka san wa ya ƙarasa ukun ƙarshe, daga 2009 zuwa 2013? Sanderson ɗin nan dai. Matar Jordan, Harriet McDougal, wadda ita ce editarsa, sai da ta karanta Mistborn kafin ta danƙa masa aikin. Ƙarshen ya yi armashi, ban musa ba, amma sai ka haye littafi goma sha kafin ka isa. In fim ɗin da Amazon ta fara a 2021 ne ya ja ra'ayinka, ka sani an dakatar da shi a 2025 bayan zango uku, kuma ya sha bamban da littafin a wurare da yawa.

Ba ka tambaya ba, amma bari in ja maka kunne kan masu sayarwa, don a nan na ƙone. Goma na farkon Wheel of Time a dunƙule na saye su wurin wani da ya turo mini hotuna masu kyau, ya ce 'yan waje ne. Da kwalin ya iso, uku daga ciki na jabu ne. Takarda kamar ta ƙunshin ƙosai, rubutun bayan shafi yana leƙowa ta gaba, taswirar ta zama baƙin tabo, na shida kuma ya yi tsalle daga wani shafi zuwa can gaba, an maimaita wasu shafukan sau biyu. Na kira shi, ya ce haka kamfani ya buga. Daga ranar lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Don haka kafin ka tura ko sisi, ka ce a ɗauko maka bidiyo ana buɗe littafin da hannu, ba hoton bango ba. A nuna maka taswirar gaba, a nuna maka ƙarshe. A Mistborn na gaske akwai wani sashe a baya mai suna Ars Arcanum da ke ɗauke da teburin ƙarafa, masu buga na jabu kan yar da shi don rage takarda, alhali kai shi za ka fi buƙata. Bugun Amurka na Tor ne, na Ingila Gollancz ne ga Sanderson, Orbit ga Jordan. Bangonsu ya bambanta, har sunan na farkon ma wani bugun Mistborn kawai ake rubutawa da manyan baƙaƙe, wani kuma The Final Empire, kada a sayar maka da abu ɗaya sau biyu a ce na ɗaya da na biyu ne. Kada kuma a miƙo maka The Alloy of Law a ce daga nan ake farawa don ya fi sirantaka da araha, zai tona maka ƙarshen ukun farko tun a shafukan farko. A ɓangaren Jordan, an taɓa raba The Eye of the World gida biyu don matasa, From the Two Rivers da To the Blight, mai son zuciya zai iya ba ka rabi a kuɗin cikakke. Masu tallan PDF a WhatsApp kuwa, kayan sata suke sayar maka, sau da yawa ma babi-babi sun ɓace.

In kana son ɗanɗana hannun Sanderson kafin ka fitar da kuɗi, ya saka littafinsa Warbreaker kyauta a shafinsa na intanet, shi ma sihirinsa mai lissafi ne, da numfashi da launi ake yinsa. In ya yi maka, ka sayi ukun nan a tare, kowanne ya haura shafi 500, za su riƙe ka wata biyu ko uku. Ka samu ɗan littafin rubutu ka ja teburinka tun daga babin da aka fara koya wa Vin, jarumar labarin, ƙarafa. Kada ka buɗe Ars Arcanum na littafi na uku kafin ka isa can, kada kuma ka rubuta sunan kowa a Google, layin farko zai gaya maka wanda ya mutu. In ka gama na ɗaya ka turo mini hoton teburin naka, ina so in ga me ka saka a gefen zinariya da atium.